Ruwan da Ake Kunna wa Manya

Jama'a, ku matso ku ji. Na tsufa, haƙorana sun fara yi mini sallama ɗaya bayan ɗaya, amma sai makon jiya na san ashe ruwan da ke zubowa daga kan dutse ma makunni gare shi, kamar fanka. Ni a zatona Allah ne ya sake shi tun fil'azal. Ashe akwai ofis.

Ga yadda aka yi. Malam, wato maigidana, direban babbar mota ne a zamaninsa. Tun muna da ƙuruciya yake cika mini kunne da labarin wata magangarar ruwa can cikin tsaunuka, wai tun kana nesa ƙararta ke shiga haƙarƙarinka. To bana idanunsa suka fara dushewa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, sauran ma yana bakin ƙofa. Muna dawowa gida Malam ya ce, "Iyar yara, ina so in sake ganin ruwan nan kafin a kashe mini fitila." Na shiga ɗaki na hau ɗaure kaya.

Surukinmu mai gyaran firji ne ya ɗauke mu a 'yar motarsa, mutum mai kunya da ko tari ba ya yi a gabanmu. Yinin farko a layin mai muka yi shi, har sai da na haddace sunayen jikokin matar da ke motar bayanmu. Wannan ma yawon buɗe ido ne, ban yi ƙorafi ba.

Hanya kuwa, Allah ya saka wa hukuma da alheri. A rediyo an gama ta tuntuni, ba sau ɗaya ba. Ramukan da ke cikinta ba don mugunta aka bar su ba, don kada matafiyi ya yi sauri kallo ya wuce shi ne. Shi ya sa na ga komai a tsanake. Tsaunuka sun hau bayan juna, na kusa kore, na nesa shuɗi. Muka bi gefen wani kwazazzabo mai jan bango, kogi a can ƙasa kamar zaren da ya faɗo wa tela. A daidai kwanar akwai allo mai kyau, an rubuta kada a jingina da shingen ƙarfe. Allon ya iso lafiya, shingen ne yake hanya.

"Me kike gani?" Malam ya yi ta tambayata. In na faɗa, sai ya ce, "Ba haka yake ba a da." Shi duwatsun kamar mutane a cikin hayaƙi yake ganinsu.

Da muka kusa sai ya ce wa surukin ya kashe mota. Ya karkata kunne ta taga. Shiru. Sai wani tsuntsu da ke kuka shi ma kamar dole aka yi masa.

Muka ƙarasa. Ga dutse tsaye har sama, baƙi wuluk, a bushe ƙamas, sai wani ɗan danshi kamar an tofa yawu. Mai gadi na zaune a kan benci yana gyaran farce.

"Ɗan nan, ina ruwan?"

"An kashe, Iya."

"An kashe? Wa ya kashe?"

"Yana aiki a wani wurin ne. Akwai ƙofar ƙarfe a sama, an juya shi masaukin manya. Ga tafkin wanka, ga kifi, ga ciyawa. Amma kun taki sa'a, yau za a kunna. Mai Girma Uban Almakashi zai zo ƙaddamarwa."

"Ƙaddamar da me?"

"Da ruwan mana."

"Ruwan da ke zuba tun ba a haifi kakansa ba?"

"Ai da ba a hukumance yake zuba ba, Iya."

Na ga gaskiyarsa. Ya ƙara da cewa da an fara jawabi za a buɗe, da an rufe baki za a rufe, kuma talaka ba ya shiga ranar ƙaddamarwa. Malam ya laluba ya zauna a gefen bencin, ya ɗora sanda a cinya. Wannan zaman nasa ya fi mini zagi ciwo.

Can sai ga jiniya, ga motoci masu baƙin gilashi, ga ƙura. Wani mai kwat da waya a kowane kunne ya fito yana zufa. Ashe motar 'yan tafin da aka ɗauko ta faɗa ɗaya daga cikin ramukan kallo. Ya dube mu sama da ƙasa.

"Baba, kun iya tafi?"

"Tun ba a haife ka ba," in ji ni.

Haka muka zama al'umma, mu uku da mai gadi da direbobi. Aka jera mu a gaba. Mai Girma ya yanke ƙyalle, ya juya wa dutsen baya, ya tare mana gefe guda da ƙaton jikinsa, ya kama lasifika. Sai ga rugugi daga sama, ƙasa ta ɗauki rawa, ruwa ya ɓarko fari fat kamar an kwance auduga. Feshi ya jiƙa mana fuska.

Na kama hannun Malam. "Ka gani?"

"Ina jin sa. Ban kama shi ba tukuna. Ba haske."

Hadari ne ya rufe rana. Ga shi kuma Mai Girma, yau da na buƙace shi, ya tashi da gajeren jawabi. Na ji ya ce, "A ƙarshe..."

Ni da ko a gidan suna in an tsawaita magana barci nake yi, sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Ranka ya daɗe, ba mu ƙoshi ba! A ƙaro mana!"

Ya tsaya, ya dube ni. Ina jin tun da ya fara riƙe lasifika ba a taɓa roƙonsa haka ba. Ya gyara tsayuwa, ya koma kan tarihin makarantarsa. Da ya fara lafawa na ce, "Batun hanya fa, ranka ya daɗe?" Ya sake gama hanyar nan take, har da gada. Surukina, mutumin da ban taɓa jin sautinsa ba, ya sa hannu a baki ya kwarara ihu, "Sai ka yi! Maimaita!" Mai kwat na harararmu yana nuna agogo. Tafin hannuna ya yi ja, makogwarona ya bushe. Mai Girma ya yi mana alkawarin magangara ta biyu, wadda ta fi wannan tsawo, kafin ƙarshen shekara.

Yana cikin auna tsawonta da hannu rana ta leƙo. Ruwan ya ɗauki haske gaba ɗaya. Na ji yatsun Malam sun matse nawa.

"Ga shi nan," ya ce a hankali. "Iyar yara, ga shi nan. Na ce miki."

Ya daɗe yana kallo, bai ƙifta ba. Ruwan da ke kumatunsa na ce feshi ne, kuma har gobe haka zan ce. Sai da ya sauke numfashi na bar tafi. Mai Girma ya yi godiya, ya rufe baki, aka rufe ruwa.

A mota Malam ya ce, "Komai yana nan yadda na bar shi. Sai dai wani ƙaton dutse da ya tare mini gefe guda. A da babu shi."

Na ce masa sabon dutse ne, kada ya damu. Irinsu ba sa daɗewa a wuri ɗaya, sai dai duk wanda aka gusar, wani ake kawowa.