Dambun da Ya Cinye Mini Aikin Gwamnati

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban manyan ma'aikatan gwamnati ina rantse-rantse don in tabbatar musu cewa ni mai laifi ce ba. Babu wanda ya tilasta ni. Hasali ma ƙoƙarin ceto na ake yi, ni kuwa ina turjewa.

Ni ban shiga aji ba sai da na aurar da 'yata ta fari. Kafin nan waina nake soyawa a bakin titin Samaru, ɗaliban jami'a suna ci suna zuba mini Turanci a ka, ina rama musu da Hausa. (Duk wanda ya taɓa cewa miyata ta yi gishiri ya san bakina.) Ranar da na rataya jaka na nufi ajin manya na yamma, dangin mijina sun sha dariya har da riƙe ciki. Babu kamar Ɗanlami, ƙanen maigidana Malam, wanda dama wasan ƙanen miji ke tsakaninmu. Da ya hango ni sai ya ƙame ya sara mini: "Farfesa matar Yaya! In an ba ki minista kar ki manta da ƙaramin mijinki." Haka na yi ta fama, har na zauna jarrabawar gama sakandare da yara sa'o'in 'ya'yana, na kuma ci. Na kai takardar aka yi mata rigar leda, na sa ta a ƙasan akwati. Can ta yi ta barci, ni kuma na ci gaba da juya waina.

Maman Joy ce ta kawo labarin. Matar soja ce a barikin Basawa, benci ɗaya muka zauna a ajin manya, tare muka sha wuyar lissafi. Ta ce gwamnati na ɗaukar ma'aikata a wani babban gandun daji, irin wanda ake killace namun daji mutane na zuwa kallo, kuma takardarmu ta isa. Muka tafi kafe, shagon intanet inda ake cike takardar neman aiki. Mai kafen ya karanto mana guraben: masu gadin daji, direbobi, masu girki a masaukin baƙi, masu yankar tikiti a bakin ƙofa. Ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Mama, girki zan sa miki, ko?"

Na ce, "A goshina ka ga an rubuta murhu? Sa mini tikiti."

Tebur nake so, da kujera, da biro a hannu. Ina so ranar da Ɗanlami zai sake sara mini, ya kasance da gaske yake yi.

Da aka kira mu ganawa, ni da Maman Joy muka zauna muka haddace komai: amfanin itatuwa, illar ƙona daji, ɓarnar da mafarauta ke yi har wasu dabbobin sun kusa ƙarewa. Ina soya waina ina bita. Wani ɗalibi ya tambaye ni ko akwai sauran miya, na amsa masa da cewa giwa amanar Allah ce.

To, ga inda abin ya fara lalacewa. Ni uwata ta raine ni a kan cewa ba a zuwa gaban babba hannu biyu, ba a riƙe da komai ba. Ko asibiti zan je sai na ƙulla wa nas-nas 'yar waina. Wannan ba cin hanci ba ne, gaisuwa ce, kuma duk wanda ya tashi a gidan mutunci ya san bambancin. Amma me zan kai? In na kai waina, mai waina za su gani, ba mai takarda ba. Ina cikin wannan tunanin sai ga Ɗanlami da ƙunshi a takardar siminti. Shi dai yana da wata tsohuwar bindigar toka da ya gada wurin mahaifinsu, kuma ba a zama da shi bai ba da labarin farauta ba. Ya buɗe ƙunshin, ga nama an yi masa banda, ya yi ja wur.

"Naman gada ne," in ji shi, yana bugun ƙirji. "Da hannuna na harbo ta. Matar Yaya, mutanen daji fa za ki gani. Me za su yi da waina? Ki kai musu abin da suka san darajarsa."

Wallahi sai na ji maganar ta zauna. Kada ku tambaye ni yadda aka yi. A kaina, namun dajin da na haddace suna cikin littafi: giwa, zaki, ɓauna, masu hoto. Gada kuwa tun ina yarinya a tukunya na san ta. Ban taɓa haɗa su a ɗaki ɗaya ba.

Na dafa naman da citta da kanumfari, na daka shi a turmi har ya yi laushi kamar auduga, na soya da man gyaɗa mai kyau. Dambu ne wanda ko a gidan biki ban taɓa yin irinsa ba. Malam, wanda ba mai yawan magana ba ne, ya leƙo madafa ya tsaya yana shinshina.

"Anya kuwa?" ya ce.

Na ce, "Malam, ni da kai wa ya yi ajin manya?"

Ya ja takalminsa ya tafi masallaci.

A wata makarantar sakandare da ke Sabon Gari aka yi ganawar. Matasa cike da fili, kowa da fayil a hammata. Ni kaɗai ce mai fayil a hannun dama, kula a hannun hagu. Maman Joy ta tambaye ni abin da ke ciki, na ce ta bari sai na samu aiki ta ji labari. (Da na faɗa mata a lokacin, da yanzu wani labarin nake ba ku.)

Aka kira sunana. Mutum uku ne a bayan tebur, duk cikin koren kaki. Na tsakiya dattijo ne mai furfura, shi ne shugaba. A damansa wata mata mai fara'a, na ji suna ce mata Madam Saratu. Na ukun rubutu kawai yake yi. Na durƙusa na gaishe su, na tura kular ƙarƙashin kujera.

Dattijon ya duba takarduna ya ce, "Hajiya, da girmanki kika koma makaranta?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, jahilcin ma da girmana na yi shi, ban ji kunya ba."

Suka yi dariya. Madam Saratu ta gyaɗa kai. Sai ya tambaye ni me na sani game da masu farauta.

Nan fa aka zo wurina. Na gyara mayafi na buɗe baki. Na ce mafarauci ɓarawon jikokinmu ne, don abin da ya kamata su gani da idonsu shi yake cinyewa. Na ce dabba ba ta da bakin kai ƙara, mu ne bakinta. Na ce duk wanda aka kama da bindiga a daji a ɗaure shi, ko ɗan wane ne, kuma in a bakin ƙofata ya biyo, ba sai an kira masu gadi ba, ni kaɗai na ishe shi. Har mai rubutun ya ajiye biro yana kallona. Dattijon ya juya ya ce wa Madam, "Irin waɗannan muke nema." Da kunnena na ji. Ya ce mini, "Mun gode, Hajiya. Za ki ji daga gare mu."

Tashi kawai ya rage mini. Ƙofa na nan a buɗe.

Sai na sunkuya na jawo kular, na ɗora ta a kan teburinsu da hannu biyu, na buɗe. Ƙanshi ya cika ajin.

"Ga 'yar gaisuwa, ba yawa."

Dattijon ya ɗaga hannu yana murmushi. "A'a, Hajiya, ba ma karɓar komai. Amma kai, wannan ƙanshi! Dambun kaza ne?"

"Kaza?" na ce, har raina ya ɗan ɓaci. "Ranka ya daɗe, ni zan kawo wa manya irinku kaza? Naman gada ne."

Murmushin dattijon ya tsaya a inda yake. Madam Saratu ta yi sauri ta leƙa kular, ta ɗago ta zuba mini ido, irin kallon da mace ke yi wa 'yar'uwarta a gidan suna in ɗankwalinta na shirin zamewa.

"Haba Mama," ta ce a hankali, "wannan ai naman akuya ne. Tsokanar mu kike yi, ko? Naman akuya ne."

Kun ga, baiwar Allah ta buɗe mini taga in fice. Ni kuwa abin da na ji shi ne ana raina mini dambu.

"Wace akuya? Madam, na fi shekarunki a aikin gwamnati ina riƙe da tukunya. Ban san akuya ba?"

"Mama, ki sake dubawa dai," ta ce, tana ƙifta mini ido har biyu.

"Wallahi tallahi naman gada ne! Ƙanen mijina ne ya harbo ta da bindigarsa. Ba na kasuwa ba ne. In kuna so in kira shi a waya ya faɗa muku da bakinsa."

Madam ta dafe goshi. Mai rubutun ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Dattijon ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, sannan ya ce cikin ladabi, "To Hajiya, shi wannan ƙanen mijin naki, yana cikin waɗanda kika ce a ɗaure, ko shi an yafe masa?"

Sai a lokacin idona ya kai bango. A bayansu sun manna wata babbar takarda mai hotunan dabbobin da suke karewa. Ga giwa, ga ɓauna, can ƙasa kuma ga wata 'yar ƙarama mai siraran ƙafafu da manyan idanu, ta kafe ni da kallo. Na dube ta, na dubi kular.

Dattijon da kansa ya rufe kular ya miƙo mini. Ya yi mini nasiha mai taushi, wadda na gwammace mari a kanta. Na fito ta tsakiyar layin matasa, ƙanshin dambu na bi na, ina jin wani yana cewa, "Mama, ba a ci ba ne? A kawo nan mana."

A bas na ba Maman Joy labari. Tun daga Sabon Gari take dariya har Kwangila, sai da kwandasta ya tambaya ko lafiya.

Ban ko cire mayafi ba na wuce gidan Ɗanlami. Na tarar da shi da Malam a zaure. Na dire kular a gaban Ɗanlami, na zazzage masa duk abin da ya kamata in riƙe a bakina tun da safe. Ya saurara har na gama, sai ya fara sosa ƙeya.

"Matar Yaya, in faɗi gaskiya ba za ki dake ni ba?"

"Faɗi."

"Bindigar nan tun rasuwar Baba ba ta tashi ba. Cinyar akuya na saya a kasuwar Sabon Gari, na yi mata banda a bayan gida. So nake ki ɗan ga girmana."

Akuya. Madam Saratu ba ma ƙarya ta yi don ta cece ni ba, gaskiya ta faɗa. Ni ce na rantse da Allah a kan akuya, na ɗora wa kaina laifin da ban yi ba, na kuma kafa shaida.

Malam ya jawo kular, ya yi bisimilla, ya kai loma. "Ni tun a turmi na ji warin bunsuru," in ji shi.

"Shi ne ba ka faɗa ba?"

"Ai ban yi ajin manya ba."

Aikin tikiti dai Maman Joy aka ba. Tana can da teburinta da bironta, kuma duk ranar da gada ta gifta kusa da ƙofa sai ta ɗauki hoto ta turo mini, ta rubuta a ƙasa: "'Yar'uwarki na gaishe ki." Ɗanlami kuwa ya daina sara mini. Yanzu in ya hango ni kukan akuya yake yi, daga nesa, inda muciya ba za ta kai ba.

Takardata ban mayar da ita ƙasan akwati ba, tana cikin jaka, kuma duk inda aka buɗe gurbi ina zuwa. Sai dai yanzu hannu biyu nake shiga, Allah ya jiƙan uwata, ta yafe mini. Abin da ajin manya bai koya mini ba na koya a gaban koren kaki: in an ce "mun gode", tashi ake yi. In kuma mace 'yar'uwarki ta ƙifta miki ido ta ce naman akuya ne, to ko da hannunki kika yanka giwa, ki ce, "Haka ne, Madam, naman akuya ne."