Ƙunshin da Ya Hana Ni Umara

Ana gobe zan je Kano ganawar fasfo, na haddace komai, har sunan kakan kakana. Sai na ce ai mai shirin Umara ba ta shiga ofis da farin hannu. Na sha ƙunshi, yatsuna suka yi baƙi wuluk.

Na'urar ɗaukar yatsa ta ƙi ni ƙememe. Jami'in ya danna, ya sake dannawa, ya ce, "Mama, sai lallen nan ya fita."

Na dirje da lemon tsami har fata ta ɗaye. Kafin lallen ya fita, ayarinmu na Umara daga Karaye ya je ya dawo, aka miƙo min dabino.

Yanzu ko gidan suna na shiga, sai ƙanwar mijina ta ce, "Ku matsa wa Hajiyar Lalle!" Iyakar Hajiyar da na samu ke nan.