Bakin Bargon Iya Mamuna

"Lafiya lau, angon da ba ya kawo ko goro. Shigo, amma kar ka taka mini almakashi."

Seini tela ya sunkuya ya shiga ɗakin kakarsa, Iya Mamuna, a Aboabo. Tun da gwamnati ta ce baƙin da ba su da takarda su bar Ghana, ransa bai kwanta ba. Ubansa mutumin Dosso ne, kuma cikin makon nan lore zai kwashe su zuwa Nijar. Ita kuwa uwar mahaifiyarsa ce, 'yar Salaga, tana nan ba inda za ta. A cinyarta ga bargon da ta harhaɗa masa da tsofaffin zannuwanta, saura kalmasa baki.

"Tsohuwa, har yanzu gefe ɗaya? Miƙo in ɗora a keken ɗinki, kafin kokonki ya huce na gama."

"Kekenka mai surutu kamar matan kasuwar Asafo? Ɗinkinsa duk a fili, zare ya yi layi kowa na kallo. Nawa a ɓoye yake, ko kai ba ka gane inda allura ta bi."

"Ke ma ai ba ki ganewa! Ba jiya kika ɗinke bargon da zanen jikinki ba, sai da reza aka 'yanto ki?"

"Ƙarya kake paa! Kai da ka ɗinka wa Malam Garuba wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, har yau a karkace yake tafiya masallaci."

"Haka Allah ya yi shi, ni awo na bi."

"Ka ji miji! Zai tsere ya bar ni, ya je ya auro Bazabarma."

"Wa zai ba ni 'ya? Duk Dosso an ji labarin uwargidana ba haƙori."

"Ajiye su na yi, don kar in cije ka."

Zarenta ya ƙare. Ta lashi bakin sabo, ta auna kafar allura, ta kuskure. Ta sake, ta kuskure. Seini ya karɓa ya zura mata.

"Iya, ban da wasa. Lore ba ya jiran kowa."

"Na sani." Ba ta ɗago kai ba. "In ka sa a keke, yanzu za ka naɗe shi ka fita. Allura kuwa, dole mai zura mini zare ya zauna kusa."

Seini ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarma, ya jawo nauyin bargon bisa gwiwarsa.

"To, keke ya sha kaye."

Da zaren ya sake ƙarewa, ya zura wani ya miƙa mata. Ta ɗaga shi, bai kai kamu ɗaya ba.

"Wane irin tela ne ke yanka zare guntu haka?"

"Don ki yi saurin nemana."

Ta yi dariya har sai da ta share ido da gefen bargon.

"Malalacin miji. Matso, kana tare mini haske."