Manyeto Ta Rasu da Jirgin Ruwa a Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Halidu Maƙeri na bayan kasuwar Dakoro nake sanar da ƴan'uwa da abokan arziki, musamman mutanen Tagriss, rasuwar abokiyar zamana Manyeto, wadda aka fi sani da Ƴar Sabha. Ta rasu ranar kasuwa bayan azahar, yau kasuwa uku ke nan, tana da shekara ashirin da shida a hannuna. Shekarunta na kafin nan Allah kaɗai ya sani. Ƙanena Zakiru, wanda ya kawo ta daga garin Sabha na Libiya naɗe cikin bargo, ya rantse mini sabuwa ce, ni kuwa tun ranar farko na ga tabon kofin shayi a bayanta, na bar shi da rantsuwarsa.

Saboda yaran yanzu da suka buɗe ido suka tarar da duniya cikin waya, sai na yi bayani. Marigayiya akwati ce baƙa mai faɗin baki. Ana miƙa mata kaset mai girman tafin hannu biyu, ta ce “kaf,” ta haɗiye, ta ce “kirrr,” sai silima ta fito a tele, wato talabijin. In an ce ta koma baya ta ce “zuiii” kamar sauro mai ƙiba. Iyakar maganarta ke nan, kuma ban taɓa jin ta yi gulmar kowa ba.

Halinta na kirki da ya fi kowane shi ne haƙuri. Tana da wani maɓalli da in ka danna, duniya ta tsaya cak. Doki ya tsaya da ƙafa biyu a sama, mai rawa ta tsaya da gyale a iska, hoton yana ɗan karkarwa kamar mai riƙe numfashi. Takan riƙe min haka minti biyar, ni kuwa ina durƙushe da biro da bayan kwali ina kwafe abin da idona ya so. In biyar ɗin sun cika ta saki da kanta, don ita ma tana da ƙa'ida.

Da wannan maɓalli na ci abinci. Zanen da ke kan adakar ƙarfen da nake yi wa amare, wanda matan Adjekoria ke kira “mai ƙofar gidan sarki,” daga ƙofar wata fada na ɗauke shi a wata silimar Indiya. Ɗinkin sirdin wani kaboyi shi ya koma bakin murhun gawayina. Gajimaren da ke jikin rigar wani tsohon ɗan Sin mai karya bulo da hannu, ga shi nan a murfin butoci har garin Mai Yara, kuma masu shan shayi da su ba su san daga ina hadarin ya taso ba. Akwai kuma wani kaset da ba silima ba ne, wasu makaɗan zamanin da ne masu wando mai faɗin ƙafa da jita da ƙaho, suna kiɗa a wani zaure mai labule ja. Ban san yarensu ba, amma gudumata ta san kiɗansu. Marigayiya matata Zara takan ce tun daga cikin gida tana gane waƙar da aka sa daga yadda nake bugun ƙarfe.

Bayan aikin ci da kai akwai na wauta, kuma ba na jin kunyarsa. Duk abin hawan da na gani a silima sai na ƙera ƙaraminsa da gwangwanin sardin da na tumatir da na madara. Ina da jirgin sama mai farfela biyu, da jirgin ƙasa mai tarago huɗu, da babur mai kwando a gefe. Ba na sayarwa ba ne, ba kuma na yara ba ne. Maƙwabta sun ce aikin banza, makaho da waiwaye. Na ji, na gode, su ma ina ganin abin da suke yi da yininsu.

A zamanin ƙuruciyarta, marigayiya Manyeto takan tara mutum talatin a rumfata ranar kasuwa, har da na kan katanga. Sai faifai ya zo ya kwashi rabi, waya ta zo ta kwashe sauran. Waɗanda suka ci goro a gabanta suka koma wucewa suna kallonta kamar tsohuwar da ta daɗe ba ta mutu ba. Mutum ɗaya ne bai daina zuwa ba, shi ne Agali.

Agali Buzu ne na Tagriss, dogo, mai raƙuma da awaki. Butar shayi ya kawo gyara shekara ashirin da wani abu da suka wuce, ya zauna jira, ya ga silima, shi ke nan. Kowa ya san abin da ke tsakanin Buzu da maƙeri tun kaka da kakanni: wasa ne, zagi halal, fushi haram. Bai taɓa kiran sunana ba, sai “baƙin maƙeri.” Ni ma ban taɓa ce masa komai ba sai “Buzu ɓarawon sukari.” Kowace kasuwa yakan sauko daga mota, ya zauna a kan tsohuwar taya kusa da zugazugi, ya zagi shayina, ya sha kofi uku.

Akwai wata silima da wani babban jirgin ruwa ke wucewa a cikinta, bai kai minti ɗaya ba. Ni da Agali babu wanda ya taɓa ganin teku. Ranar da ya fara ganinsa ya sa na tsayar, ya matso har rawaninsa na taɓa gilashi, ya ce, “Wanga ruwa duka, ba rijiya ba guga, kuma ba dabba guda da ka sha? Kai, an yi ɓarna.” Da ya gama kallo ya nuna jirgin da sanda ya ce, “Ƙera min shi, baƙin maƙeri. Ran da ka gama nawa na, in ɗauka in yi tahiyata.” Abin da abokin wasa ya ɗora wa hannu kuwa ya zama nasa, babu alƙalin da zai karɓar maka.

Tunda ranar faɗin gaskiya ce, zan faɗa. Jirgin nan aikin mako guda ne, ni da nake gama murhu kafin azahar. Shekara bakwai muna kansa. In Agali ya tafi sai in cire bututun hayaƙi ɗaya, ko in lanƙwasa baki, in ya dawo in ce gwangwanin ne ba shi da kyau. Tsorona shi ne in gama, ya ɗauka ya yi tafiyarsa kamar yadda ya faɗa. Shi kuma kullum sai ya ce tagogin ashirin da huɗu ne ba ashirin da biyu ba, a koma baya, a tsayar, mu ƙirga da yatsa. Mako mai zuwa ya ce ashirin da uku. A da ina cewa idon Buzu ne bai saba da taga ba.

Marigayiya ce ta ɗauki nauyin wannan rashin gaskiya namu. Kowace kasuwa “zuiii,” tsaya, “zuiii,” tsaya, a wuri guda, har kaset ɗin ya side, jirgin ya koma kamar yana tafiya cikin ruwan sama. Ciwon ajali ya fara mata bara da damina. Ta fara tauna kaset, sai an zaro da tsinke. Daga baya ta daina buɗe baki sai an ɗan mare ta a gefe, kuma Allah ya sani ban taɓa marinta da zuciya ɗaya ba. Na kai ta wurin Kimba mai gyaran rediyo sau huɗu. Ya yanka mata ɗamara daga tsohon tiyub, ya goge mata ciki da auduga, a na huɗun ya ce, “Baba Halidu, wagga tsohuwa kanta ya cinye, kuma ko Maradi ba a samun irinai. Ka bar ta ta huta.” Ban bar ta ba.

Ranar da abin ya faru jirgin yana tsaye a tele, muna kan taga ta goma sha tara. Sai ta ce “ƙyat,” sau ɗaya, a hankali. Gilashi ya koma shuɗi. Na danna, na mara, na cire waya na mayar, na hura mata iska da bakina kamar mai tayar da wuta. Ko motsi. Kaset ɗin ma ta ƙi sakinsa, yana cikinta har yanzu.

Akwai mutane a rumfar, masu jiran gyara. Raina ya ɓaci, kuma ba na son a gani a fuskata, sai na juya ga abin da bakina ya saba. Na ce, “To Buzu, wadda kaka zowa don ita ta tahi. Sai ka kama hanyar raƙumanka, sukarina shi huta.” Aka yi dariya. Na tsaya jiran ramuwa, don Agali ba ya barin zagi ya kwana. Sai ya ajiye kofinsa da sauran shayi a ciki, ya ja rawani ya rufe baki, ya miƙe, ya ce, “Gaskiyakka, Halidu.” Ban taɓa sanin sunana yana da nauyi haka ba sai da na ji shi a bakinsa.

Kasuwa ta zagayo, na dafa shayi, bai zo ba. Ta biyu ma haka. A ta uku na bar wuta na tafi tasha wurin Ɗan'azumi, direban motar Tagriss, na tambaye shi ko Buzun nan nawa lafiya. Ya ce lafiyarsa lau, yana zaune ƙofar gida. Sannan ya dube ni ya ce, “Kai ba ka sani ba? Ai shekara huɗu ke nan Agali ba shi da ko akuya. Ɗiyanai sun rabe abin da ya saura sun yi arewa. In ya sauka mota ba shi ko leƙa kasuwar dabbobi, wurinka shika nuhwa.” Na tsaya a tashar nan kamar wanda aka danna wa maɓallin marigayiya. Ashe na ce wa mutumin da ba shi da raƙumi ya kama hanyar raƙumansa, a gaban jama'a. Baki shi ke yanka wuya, na sha faɗa wa wasu.

Masu hankali za su ce in hau mota in je in ba shi haƙuri. Su ba maƙera ba ne. Tsakaninmu da Buzu babu ban haƙuri, domin ranar da ka ce “yi haƙuri” ka shaida cewa maganar ba wasa ba ce, kuma daga nan sai gaisuwar mutunci, irin wadda ake yi wa baƙo. Gara ya zage ni har in mutu da ya tambaye ni ina gajiya. Amma gaisuwar rashi dole ce. Babu wanda zai ji an yi mutuwa gidan abokin wasansa ya ƙi zuwa, ko don ya yi masa dariya. Shi ya sa na biya wurin mai buga takardu kusa da meri, ofishin magajin gari.

Marigayiya ta rasu ta bar mijinta, Tele, wanda ya daina ganin jan launi tun shekara shida, yanzu kuma yana zaune da shuɗin ido bai san abin da ake ciki ba. Ta bar ƙanwarta Telekomandi, wadda ake danna ta da ita daga nesa, mai ɗaure da roba. Ta bar marayun kaset arba'in da ɗaya da babu mai iya buɗe musu baki a duk faɗin Dakoro. Ta bar jikoki na gwangwani jere a kan kantar rumfa, da jirgin ruwa guda mai bututu biyu maimakon uku. Ta bar ni, ni kaɗai a rumfa, ina bugun ƙarfe ba kiɗa, kuma ina jin kewa irin wadda ban ji ba tun rasuwar Zara.

Game da jana'iza: ba za a yi mata salla ba, liman ya hana kuma yana da gaskiya. Kimba ya nemi a ba shi gawar ya ciri abin da zai yi amfani, na ce ya dakata. Za a yi zaman makoki a rumfata ranar kasuwa mai zuwa, daga saukar motar Tagriss har la'asar. Akwai shayi, kuma sukarin ba a ɓoye yake ba. Ba a bukatar taro. Za a buɗe cikinta a fitar da kaset, aikin kuwa na mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe ɗaya ya kwance, kuma ban yarda kowa ya riƙe ba sai wanda ya taya ni gajiyar da ita.

Ɗan'azumi zai liƙa wannan takarda a gilashin motarsa. Duk wanda ya iya boko a Tagriss, don Allah ya karanta wa Agali ita tun daga sama har ƙasa, kada ya tsallake komai, kada kuma ya tausasa murya. Ya gaya masa baƙin maƙeri ya ce tagogin ashirin da biyu ne, in ya isa ya zo ya ƙaryata. In bai zo wannan kasuwa ba, an ɗaga jana'iza zuwa ta gaba. In bai zo ta gaba ba, zuwa ta gabanta. Gawar ƙarfe ce, ba ta wari, za ta iya jira. Mai makokin ne shekarunsa saba'in da ɗaya.

Sanarwa daga Halidu Maƙeri, bayan kasuwa, Dakoro, a madadin iyalan marigayiya.