Tafintan Kankana

A shekarun saba'in ina dako a tashar jirgin ruwan Jidda. Wata rana na yi hira da wani ma'aikacin jirgi ɗan Azarbaijan, da guntun Turkancin da na tsinta wajen alhazai, kuma ya gane ni. Kaina ya kumbura.

Can sai ga abokin aikinsa ɗan Latbiya, dafe da kunci yana ta surutu. Mudir, wato shugabanmu a tashar, ya ce, "Wa ke jin yarensa?"

Na ce, "Ni mana! Jirginsu ɗaya, ai yarensu ɗaya."

Ko kalma ban tsinta ba, amma na gyaɗa kai. Na ce, "Halas, shi ke nan, ƙishirwa ce. Kankana yake so."

Aka kawo mai sanyi. Yana gatsa ya kurma ihu. Ashe haƙori ke cin bawan Allah.

Har na yi furfura, duk wanda haƙori ya dama, 'yan unguwarmu ta Karantina cewa suke, "Yalla, je tafinta ya rubuta maka kankana."