Guzurin Jirgin Ruwan Masar

Ko zan manta da komai, ba zan manta da shekarar da na yi bankwana da garinmu ba, alhali ko garin Bagwai da ke kusa da mu ban wuce ba.

Shekarar tsada ce, gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya. Sai ƙanena Sabi'u, da ke aiki a ƙasar waje, ya bugo waya: "Yaya, ki shirya. Zan kai ki Masar, mu hau jirgin ruwa a kogin Nilu." Ni da ko kwalekwale ban taɓa shiga ba! (Ban tambaye shi abin da za mu yi a can ba, murna ta toshe min kunne.)

A wurinmu mace ba ta barin ƙasa sai don ibada ko magani, kuma ba a tafiya sai an bi gida-gida an nemi gafara. Haka na yi. Duk inda na shiga sai in ce, "Kogin da aka saka Annabi Musa yana jariri za ni." Mata suka yi ta hawaye, kowa na ba ni saƙon addu'a. Guzuri ya taru: kuka, daddawa, yaji. Inna Tabawa, wata tsohuwa maƙwabciyarmu, ta soye gyaɗar da ta ajiye don iri, ta yi min ƙuli-ƙuli.

Ranar da Sabi'u ya iso, tsakar gida cike take da mata. Ya dubi ƙulle-ƙullen ya yi dariya. "Yaya, wannan fa? Ai a jirgin abinci ba ya yankewa, sai kin ce ya isa."

Inna Tabawa ta ce, "To ɗan nan, ta ina za ku fara ziyarar?"

"Ba ziyara ba ce, Inna. Hutu ne kawai. A zauna, a ci, a kalli ruwa."

A gaban matan da ba su karya ba! Na rasa inda zan sa idona. Tsohuwa ta dubi ƙullinta, ta ce a hankali, "Allah ya kai ku lafiya."

Ban je ba. Na sa Sabi'u ya sayo irin gyaɗa, na ɗauka a ka na kai wa Inna Tabawa da kaina. Ta karɓa, ta ce, "Addu'ar kuma, yi min ita a nan, ai Allah na ji."

Tun daga nan, ko Kano aka ce in shirya, sai na tambayi me za a yi kafin in yafa mayafi.