Farin Goro Ɗaya Cikin Huɗu

Wani ne a Turba, ɗan kabu-kabu. Mutumin kirki, Allah ya sani, sai dai kan nasa randa ce mai huji: a cika da safe, kafin azahar ko ɗigo babu. Burinsa ɗaya, a ɗauke shi malamin gona, ya jingine babur ya rataya jaka. Sau uku yana zaman jarrabawar ɗaukar aikin, sau uku tana kai shi ƙasa. Bana kuma anka ce ita ce ta ƙarshe gare shi, shekaru sun ƙare mai.

Matarsa Mairama ta ce, "Maigida, ka tafi Isa wurin Malam Is'haƙa, tsohon malamin lissafi. An ce ko turmi ya zauna gabansa sai ya tashi da wani abu."

Ya tafi. Malam ya ce, "Tambaya arba'in ce, kowace da amsa huɗu, ɗaya tak ce daidai. Maki ashirin ake so. Bari ka ga yadda sa'a take aiki."

Ya tuɓe hularsa, ya zuba goro huɗu ciki, uku ja, ɗaya fari.

"Rufe ido ka ɗauko. Rabonka da fari ɗaya cikin huɗu ne."

Mutumin ya sa hannu. Ja. Ya jefa baki. Ya sake, ja. Ya jefa. Na uku ma ja, ya cusa shi a ɗaya kuncin. Na huɗu sai ga fari.

Ya ce, da baki cike, "Allah shi gafarta Malam, ashe ilimin duk haƙuri ne."

"Bawan Allah, mayarwa ake yi cikin hula, ba ci ba. Goron baƙina ne ka cinye."

"Malam, na faɗi sau uku fa. Jajayen sun ƙare ke nan. Bana fari ne."

Malam ya dubi hularsa wayam, ya yi salati a hankali. Ya ce, "Bar zancen goro. Ji wanga. Wanda bai san komi ba, in ya yi ta canke, cikin arba'in ana sa ran ya dace da goma. Wata rana takwas, wata rana sha biyu, amma goma ce tsakiya. Sauran goman karatu ke kawo ta. Gobe ka dawo da littafi."

Gobe ba ta zo ba. Don a hanyar gida, bisa babur, lissafi ya sauko mai, har ya kusa shiga ƙarƙashin raƙumi. Ya faɗa gida yana haki.

"Mairama, in na cika gidan amsa ɗaya a kowace tambaya, maki goma. In na cika biyu fa?"

"Ni mi na sani? Mi Malam ya ce?"

"Ashirin. In na cika duk huɗun, arba'in cif. Shekara talatin Malam na koyarwa bai hango wanga ba. Ba za ni faɗa mai ba, kar shi ji kunya."

Ya sayi jaka. Ya ɗinka kaftani. Ya sallami fasinjojinsa ɗaya bayan ɗaya, yana ce musu su yi haƙuri, aiki ne ya kira.

Ranar jarrabawa mutane na ta gumi suna cizon fensir, shi ko takardar tambayoyin bai buɗe ba. Ya duƙa ya cike gida ɗari da sittin, baƙi ƙirin, har fensirin ya zama guntu. Ya fito yana tausaya wa sauran.

Da sakamako ya fito anka liƙa a bango. Ya fara neman sunansa daga sama. Ya yi ta sauka, ya yi ta sauka, sai da ya durƙusa. Sifili.

Da ya koma gida, Mairama, wadda ta sha jin labarin goron, ta ce, "Maigida, ina farin goron?"

Ya hau babur sai Isa. Ya zayyana wa Malam dabarar tasa kaf.

Malam ya dafe kai. "Amsa biyu a tambaya ɗaya sokewa ake yi, balle huɗu. Tun da nake ban taɓa ganin mai sifili ba. Wallahi ko tunkiya anka ba fensir ta yi ta dangwalawa, da ta samu goma."

Mutumin ya duƙar da kai, yana ƙirga da yatsu. Can ya ɗago kai.

"To Malam, mi ya hana ka faɗi tun farko? Tumakina biyu suna gida, ga ashirin ɗin nan a ɗaure."